Bayan Yuraniyom: Abin da Ke Hana Aduwa da Hanza Zama Masana'anta a Arlit

Ranar 31 ga watan Maris na 2021 kamfanin COMINAK ya daina haƙar yuraniyom a Akuta, bayan ya yi tun 1978 yana fito da shi daga ƙarƙashin ƙasa. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila, ban da teloli, mahauta da masu shagunan garin Akokan waɗanda cinikinsu ke jiran albashin ƙarshen wata. SOMAIR, wanda ya fara fitar da ma'adini a 1971, yana nan, kuma gwamnatin Nijar ta mayar da shi mallakar ƙasa a watan Yunin 2025 bayan doguwar taƙaddama da kamfanin Orano na Faransa. Sai dai ko a hannun wa ramin yake, ma'adini ba ya haihuwa. Abin da aka haƙa ya tafi ke nan, kuma kowane rami yana da ranar rufewa.

Shi ya sa duk lokacin da aka zauna tattauna makomar Arlit, ake ambaton ɗaya arzikin, wanda Allah ya shimfiɗa a doron ƙasa: itatuwa, ciyayi, dabbobin kiwo da amfanin garake. Maganar tana da tushe. Masu yin man shafawa, sabulu, magani da abinci a Turai, Amurka da Asiya suna neman kayan da suka fito daga tsirrai, masu saye kuma suna son a tabbatar musu ba a kashe daji ba, ba a kuma cuci talaka ba wajen samo su. To, tun da kasuwa na nema, daji kuma na da shi, me ya sa har yau abin bai wuce cinikin tiya da kwalba ba? Akwai shingaye na gaske a gaban duk kamfanin da ya nufi wannan hanya, kuma ya kamata jama'a su san su, domin da yawa daga cikinsu ba kamfani kaɗai ne zai iya kawar da su ba.

Arzikin da ake magana a kai

An kafa garin Arlit a 1969 a fili fetal saboda ma'adini kawai, kuma ruwan saman da yake samu a shekara bai kai milimita 100 ba. Amma gabas da shi duwatsun Ayar ne, inda koramu ke gangarowa zuwa filayen Talak da Irhazer. A bakin waɗannan koramu ake samun aduwa, magarya, goriba, bagaruwa, kandili, jiga, hanza da itacen asuwaki. A kan tsaunukan Bagzan da Tamgak akwai zaitun na daji wanda ya saura tun zamanin da Sahara ke da ruwa. Saboda irin wannan yalwar halittu aka keɓe gandun Ayar da Tenere a 1988, mai faɗin hekta miliyan 7.7, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991.

Abzinawa, Hausawa da Fulanin yankin sun daɗe suna cin moriyar wannan arziki. Daga ƙwallon aduwa ake matse mai, daga itacenta ake sassaƙa allo da ƙota. Da 'ya'yan bagaruwa majema ke jeme fatar da dukawan Agadas ke ɗinka jaka da takalmi. Kabar goriba ita ce tabarma, faifai da igiya. Filasko da tazargade suna tafiya a buhu har kasuwannin Kano. Ga nonon raƙumi da cuku, ga lemo, rumman da dabino na garaken Timiya, ga albasar Tabelot. Ilimin yana nan, hannun aikin ma yana nan. Inda gizo ke saƙar shi ne mayar da wannan gado ya zama kaya mai tambari, wanda zai shiga manyan shaguna kowace shekara ba tare da dajin ya ƙare ba.

Daji ba ya sa hannu a kwantiragi

Masana'anta tana rayuwa ne da alkawari: kaya kaza, mai inganci kaza, a rana kaza. Mai sayen man aduwa a waje yana son launi ɗaya da ƙamshi ɗaya bana da baɗi. Ita kuwa aduwa ruwan sama take bi. Shekarar da koramu suka cika sai ta zubo da 'ya'ya, shekarar da suka ƙafe sai a yi yawo a dawo da rabin buhu. Itatuwan a warwatse suke, tsakanin wannan kwari da wancan tafiyar yini ce, kuma mata da yara ne ke tsinta, a ƙafa ko bisa jaki. Bayan an tsinto, sai a cire ɓawo da tsoka, sannan a fasa ƙwallo ɗaya bayan ɗaya da dutse, domin ƙwayar da ke da man ƙarama ce cikin ɗan itacen. Kafin a cika durom guda na mai, an ci buhuna masu yawa da kwanakin aikin mata masu yawa.

Sannan kamfani ba shi kaɗai ke neman 'ya'yan itacen ba. Awaki da raƙuma sun riga shi, kuma da su makiyayi ke tsallake rani. Abin da aka kwashe aka kai injin an ɗauke shi daga bakin dabba, an kuma rage irin da zai tsiro ya maye gurbin tsofaffin itatuwa. Dajin ma ba a ƙoshe yake ba. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun kashe itatuwa da garkuna ba iyaka. Garin Arlit, wanda ƙidayar 2012 ta samu da mutum kusan 80,000, yana girki da itace da gawayi, kuma itacen hamada da aka sare cikin sa'a guda ya yi shekaru da dama kafin ya kai hakan. Tun 1992 gandun Ayar da Tenere ke cikin jerin wuraren gado da ke cikin haɗari, kuma jiminar da a da ke yawo a kwaruruwan Ayar ta ƙare a daji, sai wadda ake kiwo a killace.

Don haka haɗarin ta fuska biyu yake. Idan farashi ya yi ƙasa, babu mai tsinta, injin ya tsaya. Idan ya yi sama, kowa ya ruga daji, a kakkaɓe ɗanye, a karya rassa, a tone saiwa. An ga haka a wasu ƙasashe. A Habasha, Eritiriya da Sudan, yawan tsaga jikin itacen lubban, tare da kiwo da gobara, ya sa tsofaffin itatuwa na mutuwa babu ƙanana a bayansu, har wani binciken da aka wallafa a 2019 ya yi hasashen cewa abin da ake samu zai ragu da rabi cikin shekara 20. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk wanda ya shiga dajin Ayar da tunanin mai haƙar ma'adini, wato a kwashe a tafi, zai ƙarar da shi kafin ya mayar da jarinsa.

Ruwa da zargin guba

Wannan shingen Arlit ya fi kowane gari jin nauyinsa. Sarrafa kayan daji yana cin ruwa. Hanza, alal misali, ba ta ciwuwa sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacinta da gubarta su fita. Ruwan Arlit kuwa na ƙarƙashin ƙasa ne, wanda ya taru tun dubban shekaru, ruwan saman yau ba ya mayar da abin da aka ɗiba, kuma ma'adinai sun fi shekara 50 suna zuƙarsa.

Bayan ƙarancin ruwa, ga batun tsabtarsa. Cibiyar bincike ta CRIIRAD ta Faransa ta fara awo a Arlit a 2003 bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man da Almoustapha Alhacen ke jagoranta. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo, kuma rahotonta na 2010 ya ce huɗu cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba sun zarce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ruwan sha. An kuma samu ƙarafa masu tururin yuraniyom a kasuwa. COMINAK ya bar tarin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20 a kusa da Akokan. Kamfanin Orano ya sha cewa yana bin ƙa'ida, yana sa ido a kan ruwa da iska, kuma an shiga aikin rufe tarin da yumɓu da duwatsu.

Ga ɗan kasuwa, wannan gardamar kanta asara ce. Mai saye a Yamai, Kano ko Paris da ya ga sunan Arlit a jikin kwalbar mai zai tsaya ya yi tunani, ko da an tsinto aduwar a kwarin Iferwan mai nisan fiye da kilomita 100 daga ramin. Rantsuwa ba ta wanke irin wannan zargi, sai awo, kuma awon da wanda ba shi da hannu a cikin ma'adinin ya yi. Ƙaramin kamfani sai ya tura samfuri Yamai ko ƙasar waje, ya biya, ya jira. Akwai kuma gaskiyar da ba a tsallake ta: inda awo ya nuna gurɓata, bai halatta a tsinci komai a kai bakin mutane ba, ko nawa za a samu. Lafiyar yaran da za su ci ta fi ciniki.

Hanya, wuta da jari

Daga Arlit zuwa Agadas kusan kilomita 240 ne, zuwa Yamai fiye da 1,000. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar yuraniyom, ta lalace shekara da shekaru, tana cinye tayoyi da kwanaki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Benin, tashar Kwatano ta yi nisa. Kwalba, murfi, kwali da takardar tambari duk daga kudu ko daga waje suke zuwa, su hau wannan hanya, sannan su sake saukowa da kaya a ciki. Nono da lemo ba sa jure zafi da jinkiri, firji kuwa sai da wutar da ba ta yankewa, alhali wutar yankin ta dogara ga tashar kwal ta SONICHAR da ke kusa da Cirozerin, wadda aka gina tun farko domin ma'adinai.

Jari ma haka. Kakar aduwa ko magarya 'yan watanni ce. Dole kamfani ya sayi kayan shekara guda a lokaci ɗaya, kuɗi hannu, domin mai tsinta ba ta iya jiran bashi. Banki kuwa yana neman jingina da riba cikin gaggawa, kuma bai saba da sana'ar da itacenta ke shekaru kafin ya yi 'ya'ya ba. Matasan da za su riƙe aikin, da yawansu sun nufi rijiyoyin zinariya na Jado da Cibarakaten tun 2014. Sace ma'aikata a Arlit a Satumban 2010 da harin da aka kai SOMAIR a Mayun 2013 sun kori 'yan yawon buɗe ido, waɗanda a da su ne masu sayen kayan hannu na Ayar, sun kuma sa masu duba inganci daga waje ba sa zuwa yankin.

Takardun da kasuwa ke nema

Kayan da kakanninmu suka ci ɗaruruwan shekaru, a idon dokar wata ƙasa baƙo ne. A Tarayyar Turai, duk abincin da ba a saba ci a can ba kafin 15 ga Mayun 1997 ana ɗaukarsa sabon abinci, ba ya shiga kasuwa sai da izini. Garin 'ya'yan kuka bai samu wannan izini ba sai a 2008, kuma ƙungiyar PhytoTrade Africa ce ta ɗauki nauyin nema a madadin masu sana'ar ƙasashe da dama, domin ƙaramin kamfani ɗaya ba zai iya ba. Acca ta samu nata a 2018. Man shafawa da magani su ma suna da nasu gwaje-gwajen. Takardar shaidar cewa kaya na halitta ne, ba taki ba feshi, ana sabunta ta kowace shekara, da kuɗi, bayan mai dubawa ya zo ya gani da idonsa.

A cikin gida ma akwai hukumar ANMC mai kula da ma'auni da inganci, da ɗakin gwaji na LANSPEX, kuma cibiyoyinsu a Yamai suke. Ƙungiyar mata a Gugaram ko Dannat da ke son tambarin inganci sai ta yi tafiyar kwanaki. Waɗannan ƙa'idoji suna kare mai saye, kuma ba a cewa a soke su. Matsalar ita ce nauyinsu ɗaya ne a kan babban kamfani da ƙarami, ƙaramin kuwa ba ya ɗauka.

Ilimin na wa ne, ribar ta wa ce?

Wace tazargade ce ta fi ƙarfi, yaushe ake yankar kaba ba a kashe goriba ba, kwana nawa hanza ke yi a ruwa: wannan ilimi ne, kuma yana hannun tsofaffi, makiyaya da masu maganin gargajiya. Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka cimma a Japan a 2010, ta fara aiki a 2014, Nijar kuma tana cikinta, ta ce wanda zai yi bincike ko kasuwanci da irin halittun wata ƙasa ko ilimin al'ummarta sai ya nemi izini tun farko, ya kuma amince da yadda za a raba amfani.

Nijar ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan ba a tsare wannan haƙƙi ba. Kamfanin iri na Tropicasem da ke Senegal ya taɓa neman rajistar albasar Galmi da sunansa a hukumar rajistar haƙƙin mallaka ta OAPI, sai da manoman albasa da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin a dakatar da abin. Daga baya albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu rajistar da ke ɗaure sunansu da ƙasarsu. A kudancin Afirka, an yi rajistar sirrin tsiron hudiya, wanda al'ummar San ke tauna don kashe yunwa, ba tare da an tambaye su ba. An yi sulhu daga baya, amma kamfanin Pfizer ya janye a 2003, Unilever ma ya janye a 2008 bayan ya kashe miliyoyin kuɗi, San ba su ga ribar da aka yi musu alkawari ba. A ɗaya gefen, a 2019 masana'antar shayin roibos ta Afirka ta Kudu ta amince ta riƙa biyan al'ummomin Khoi da San kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin da ake sayen ganyen a gona.

A Ayar tambayar ta fi wuya, domin daji na kiwo ne, mutane na tafe da dabbobinsu. Wa zai ba da izini a kan kwarin da ƙabilu uku ke shayarwa a cikinsa? Sarkin ƙabila, magajin gari, ko ma'aikatar gandun daji? Kamfanin kirki yana tsoron sa kuɗi inda gobe wani zai ce ba a tambaye shi ba. Mutanen gari kuma, bayan shekara 50 suna ganin arziki na fita bisa manyan motoci, suna da dalilin yin ɗari-ɗari da duk baƙon da ya zo da takarda. Rashin tsari a fili yana korar mai gaskiya, ya bar fage ga mai kwasa a ɓoye.

An yi a wani wuri, ana iya yi a nan

A Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods da Josef Garvi ya kafa yana sayen hanza, aduwa, magarya da sauran 'ya'yan itatuwan gida daga hannun matan karkara, yana mayar da su gari, mai, biskit da abin sha. A 2005 kafofin labaran duniya sun nuna hanza a matsayin alamar yunwa, yau ana sayar da ita a leda mai tambari. Abin lura a tafiyarsu shi ne sun fara da kasuwar gida, sun rarraba ƙarfinsu a kan itatuwa iri-iri don kada shekarar da ɗaya ta ƙi ta durƙusar da su, suna kuma ƙarfafa masu tsinta su shuka. A jihar Maraɗi, sassaben zamani da manoma suka runguma tun shekarun 1980 ya bazu har ya dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, saboda manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne. A Maroko, ƙungiyoyin mata masu matse man argan sun fara a shekarun 1990, da taimakon binciken jami'a, har man ya zagaye duniya.

Kira

Ga hukumomi: dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙa. A biya wannan kaso a kan lokaci, a sa wani ɓangare cikin abin da zai rage bayan rami ya rufe: wurin awon ruwa, ƙasa da abinci a jihar Agadas wanda ba ya ƙarƙashin kamfanin ma'adini, a riƙa bayyana sakamakonsa ga jama'a da Hausa da Tamashek. A fayyace wa ke ba da izinin tsinta, da kason da zai koma ga al'umma. Jami'ar Agadas da cibiyar binciken noma ta INRAN su ƙidaya itatuwan kwaruruwa, su faɗi nawa za a iya ɗiba a shekara ba a cutar da daji ba.

Ga masu jari, musamman 'yan kasuwar Arlit da Agadas: ku fara da Yamai, Damagaram, Kano da Tamanraset kafin ku hango Turai. Ku sayi kaya hannun ƙungiyoyin mata da farashin da aka yi yarjejeniya a kai kafin kaka, ku kawo injin fasa ƙwallo da na'urar hasken rana, ku sa kuɗin shuka da raino cikin lissafinku tun ranar farko.

Ga iyayenmu mata masu tsinta, da makiyaya, da sarakunan gargajiya: ku haɗu cikin ƙungiya, domin mai sayar da tiya ɗaya ba ta da bakin ciniki. Kada ku kakkaɓe ɗanye, kada ku bari a sare itace mai 'ya'ya don gawayi, kada kuma ku miƙa ilimin kakanninku ga kowa sai da shaidu da rubutacciyar yarjejeniya. Itacen da zai ciyar da Arlit ranar da ramin ƙarshe ya rufe, yau ya kamata a kare shi.